Masu tsara mana manhaja su leƙa Panteka su ga yadda ake yi wa mutum aiki

Tun da gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023, wanda aka ce za a koya wa matasa miliyan 3 sana'o'in kwamfuta, duk inda ka zauna da samari a Kaduna sai ka ji ana maganar kwas ɗin yu-eks, wato koyon tsara manhaja ko shafin intanet yadda mutum zai shiga ya yi abun da ya kawo shi ya fita ba tare da ya sha wuya ba. Na ji daɗin wannan sosai, sana'a ce mai kyau kuma wallahi muna bukatarta. Abun da ke damuna shi ne yadda ake gabatar musu da ita, kaman wani ilimi ne da aka ƙirƙiro jiya a Amurka, sai yaro ya ɗauka in ya iya zaɓen kala, ya iya zana maɓalli mai kyau a manhajar zane ta Figma, ya kwafo fasalin manhajojin Turawa, shi ke nan ya zama gwani.

Ni a ganina aikin nan tsoho ne, aikin maƙeri ne da tela da magini da mai ginin tukunya. Kuma abu ɗaya ne ya riƙe shi tun fil azal: wanda ya yi abun yana ganin wanda zai yi amfani da shi ido da ido, in kuma abun bai yi ba za a dawo mishi da shi har inda yake zaune, a gaban mutane. Wannan ne ya ɓace tsakaninmu da masu yi mana manhajar banki da shafukan gwamnati, shi ya sa muke shan wahalar da muke sha.

Duk wanda ya taɓa raka manomi maƙera a ƙauyukan Igabi ko Giwa gab da faɗuwar damina ya san yadda ake yi. Ba zuwa za ka yi ka ɗauki hauya ka biya ka tafi ba. Maƙerin zai dube ka daga sama har ƙasa, ya ce Malam taka ce ko ta yaro, in ka ce ta yaro ce ya tambaye ka shekarunsa, ya tambaya ko gonar jigawa ce ko fadama. Sai ya zaro ƙota ya miƙo maka ya ce riƙe mu gani, sunkuya kaman kana noma, ɗan sari ƙasa. Yana tsugune yana kallon bayanka da inda hannunka ya kama da yadda bakin hauyar ke shiga ƙasa, in ya ga tana tsalle ko tana nutsewa da yawa sai ya karɓa ya mai da ita wuta, yaro ya ja zugazugi, ya ɗora ta kan uwar maƙera ya ɗan lanƙwasa wuyanta kaɗan, kaɗan ɗin da kai ba za ka ma lura ba sai ka wuni a gona ka dawo ƙugunka bai riƙe ba. In bahago ne kai kuma lauje ka zo saya, ya san ba irin na kowa zai ba ka ba. Bayan sati biyu in kun haɗu a masallaci ko ranar kasuwa shi zai fara tambayar ka, ya hauyar nan, tana ci? Tambayar nan ba gaisuwa ba ce kawai, bincike yake yi, don amsar da ka ba shi ita zai saka a hauya ta gaba.

Shi ya sa kayan noma ba iri ɗaya ba ne ko a cikin jihar nan tamu. Garmar da ake tada kunyar doya da ita a kudancin Kaduna, inda ƙasa ke da nauyi da danshi, daban take da 'yar hauyar da ake noman gero da ita a jigawa can arewa. Ba wani kwamiti da ya zauna ya tsara hakan. Shekaru ne aru-aru na manomi ya koka maƙeri ya gyara, ya sake kokawa a sake gyarawa, har abun ya zauna daidai da ƙasar da jikin mutanen wurin.

Tela ma haka. Tsohon tela na Kasuwar Barci ba tef kaɗai yake aiki da shi ba, yana auna ka yana jan ka da hira, kana hawa mashin ne, a ofis kake zama ko a shago, ina kake sa wayarka. In ya ji kana yawan hawa babur zai sakar maka wandon ta cinya, in ɗan kasuwa ne kai zai zurfafa aljihun gaba ya yi maka na ciki, kuma kowane telan kirki ya san dole kaftani da wando su ba mutum damar ruku'u da sujada da zaman tahiya ba tare da ɗinki ya ɓalle ko baya ya buɗe ba. Sannan akwai gwaji, ka zo ka saka a gabansa, ka ɗaga hannu, ka zauna, ka tashi.

Dubi tulu da randa. Duk yumɓu ne, duk na ruwa ne, amma tulu an matse mishi wuya saboda tafiya za a yi da shi a ka daga rafi, kar ruwan ya dinga fallatsa, randa kuwa an buɗe mata baki don moɗa ta shiga ta fita kuma hannu ya kai ƙasa wajen wankewa, ga shi jikinta na tsattsafo da ruwa a hankali iska na busarwa, abun da ke sanyaya na ciki kenan. Ladi Kwali da hotonta ke bayan naira 20, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, Suleja ta yanzu, a 1954 har duniya ta san ta, a wajen matan Gbagyi 'yan uwanta ta koyi wannan aikin, tukwanen ɗiban ruwa da na girki ta fara ginawa kafin a fara saka aikinta a gidajen tarihi. Ko ka dubi zaure a tsofaffin gidajen birnin Zariya, garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Magini ba ya saita ƙofar waje da ƙofar shiga cikin gida, yana kautar da su, don baƙo ya zauna a yi hira a ci abinci idonsa bai faɗa tsakar gida ba. Ba a rubuta "kar ka wuce nan" a bango ba, ginin da kansa ya gaya maka iyakarka. Masu koyar da tsara manhaja suna ɓata makonni suna bayanin cewa abu mai kyau shi ne wanda fasalinsa kaɗai zai nuna maka yadda za ka yi da shi, to ga shi nan a zaure.

Turawa ma da haka suke, kowane gari da maƙerinsa da mai yin takalminsa. Injin ne ya raba su. Da masana'antu suka zo sai ya zama mutum ɗaya na zaune a ofis yana zane, dubbai na tsaye bakin inji suna bugawa, miliyoyi kuma na can wata ƙasa suna saye, ba wanda ya san wani. Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913, mota ta yi araha ƙwarai, amma shekara da shekaru motarsa Model T baƙa kawai ake fitarwa, ka so ka saya ka ƙi ka bari. Kafin nan akwai Frederick Taylor da ya yi aiki a kamfanin ƙarfe na Bethlehem, ya sa aka dinga auna lebura da agogo, har ya gano cewa shebur ɗin da ya fi ba da aiki shi ne mai ɗaukar kusan kilo 10, ya sa aka ƙera shebur daban-daban, babba na kaya mara nauyi ƙarami na mai nauyi. Ana yawan saka sunansa cikin kakannin wannan ilimin, kuma gaskiya ne ya kalli mutum yana aiki, amma ni ban saka shi sahu ɗaya da maƙeri ba. Maƙeri yana kallon bayanka don kar ya yi ciwo, Taylor yana kallo ne don mai kamfani ya samu tan mafi yawa kafin a tashi. Wannan bambancin yana nan har yau a cikin wayoyinmu, zan dawo kansa.

Tun a lokacin akwai waɗanda abun ya dame su. William Morris a Ingila ya kafa kamfaninsa a 1861 yana yin kujeru da yadi da hannu, yana faɗa da kayan inji marasa inganci, duk da dai a ƙarshe masu kuɗi ne kaɗai suka iya sayen nasa. A Jamus kuma Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar a 1919, kuma abun da ya fara yi shi ne tura ɗalibai ɗakin saƙa da na kafinta da na ƙira da na tukwane, kowane ɗaki da mai zane da kuma gwanin sana'ar hannu. Makarantar da ake cewa ita ce uwar dizayin na zamani kenan, da koyon sana'a a gaban maigida ta fara.

Amma inda suka ji jiki har suka dawo kan hanya shi ne jirgin sama. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen Amurka samfurin B-17 sun yi ta faɗuwa a kan cikinsu a filin sauka, matuƙi ya dawo lafiya daga fagen fama, ya sauka, sai kawai ya naɗe tayoyi jirgin ya daki ƙasa. Rahoto bayan rahoto ana rubuta laifin matuƙi ne. Sai wani matashin soja masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya je ya shiga inda matuƙin ke zama ya duba, ya tarar makunnin naɗe taya da na fiffiken rage gudu iri ɗaya ne sak kuma suna kusa da juna, mutumin da ya gaji ya miƙa hannu ba ya kallo dole wata rana ya taɓa wanda bai nufa ba. Maganin da ya kawo kowane baduku zai gane shi: ya maƙala wa na tayar 'yar ƙaramar taya ta roba, ɗayan kuma ya ba shi fasalin fiffike, hannu kaɗai ya isa ya bambance su ko a duhu. Irin wannan haɗarin ya kau. Bayan yaƙin, a 1950, rundunar sojan saman Amurka ta auna jikin matuƙa 4,063, wani ƙaramin hafsa Gilbert Daniels ya ɗauki awo 10 kaman tsayi da faɗin ƙirji da tsawon hannu ya nemi mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a duka goman. Ko ɗaya babu. Ashe kujerar da aka ƙera wa "matsakaicin mutum" ba wanda ta yi wa daidai. Daga nan aka tilasta wa kamfanoni yin kujera da feda masu matsawa gaba da baya, irin wadda ke cikin motarka yanzu. Sai da aka yi asarar rayuka da jirage kafin injiniyoyi su yarda da abun da tela ya sani tun ranar da ya fara riƙe almakashi.

Ko da kwamfuta ta zo, mutanen da suka yi abun kirki da hannu suka fara. Linzamin kwamfuta na farko da Douglas Engelbart da Bill English suka yi a 1964 akwatin katako ne da ƙananan tayoyi biyu a ƙasa. Jeff Hawkins da ya yi 'yar kwamfutar aljihu ta Palm, wadda ta fito a 1996, guntun katako ya yanka daidai aljihun rigarsa ya dinga yawo da shi, in aka ce mishi za a yi taro gobe sai ya zaro katakon ya yi kaman yana rubutawa, don ya gane me hannunsa zai nema da me ba zai taɓa nema ba. Shi kansa sunan da ake kiran sana'ar da shi yau, wato yu-eks, Don Norman ne ya yaɗa shi bayan ya shiga Apple a 1993, kuma babbar koyarwarsa ita ce in mutane da yawa suna kuskure wuri ɗaya, ƙofa ce suke turawa alhali ja ake yi ko maɓalli ne suke dannawa ba daidai ba, to a bar zagin mutanen a je a gyara abun.

To yanzu mu dawo gida mu ga yadda ake mana. Ka buɗe shafin neman tallafin karatu ko na ɗaukar aiki ko na tantance 'yan fansho. Akwatin farko sunan mahaifi, na biyu sunanka, na uku suna na tsakiya kuma an sa mishi jan tauraro wai dole ne, alhali da yawanmu suna biyu gare mu, wasu kuma sunan garinsu ne na ƙarshe. Ka rubuta Ɗanladi ko Ɓaidu ko Sa'adatu da haruffanmu ya ce ka saka harafin da ba a yarda da shi ba. Mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad a BVN, Mohammed a NIN, Muhammadu a takardar firamare, duk shi ne, kowa a unguwa ya san shi ne, amma na'ura ta ce mutum uku ne ta rufe mishi asusu sai ya je kotu ya yi rantsuwa ya biya kuɗi. Ana tambayar tsohuwar da aka haifa shekarar da aka yi fara ranar haihuwa da wata. Ana tambayar lambar gida da lambar gidan waya ga wanda adireshinsa na gaskiya shi ne Rigasa, layin mai unguwa, bayan masallacin Juma'a, gida mai baƙar ƙofa, kuma duk ɗan acaɓa zai kai ka da wannan kwatancen. A turo maka lambar tabbatarwa a ce ta mutu bayan minti ɗaya, ita kuma sai ta yi minti biyar a hanya saboda netwok, ko kuma ta shiga wayar maigida da ke kasuwa don da layinsa aka yi wa matar rajista. Ka cike shafi shida, na bakwai ya tsaya yana juyawa, ka koma baya ka tarar komai ya goge, datarka kuma ta tafi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa tsayawa a shagon kafe a Tudun Wada ya ga mutum ɗaya yana cikewa ba, na rantse da ya gani da bai bari ya fita haka ba.

Abun da ya fi ci mun rai shi ne abun da nake gani a teburin masu POS. Dattijuwa ta zo da katinta a ƙulle a bakin zani, ta kwance ta miƙa wa yaro ɗan shekara ashirin, ta ce ɗana duba mun ko kuɗin sun shigo, ya ce Inna sa lambarki, ta ce kai dai danna mun, ta faɗi lambar sirrin da ƙarfi mutum biyar na tsaye a layi suna ji. Ya danna, ya ce an cire amma bai fito ba, sai ki je banki. Ta tsaya tana kallon 'yar takardar da ya ba ta da Turanci, ba ta san me ta ce ba. Sai ka ji masu ilimi suna cewa ai mutanenmu ne ba su waye ba. Matar nan fa tana riƙe da adashin mata talatin a ka, ta san wa ya zuba wa bai zuba ba, tana karanta Alƙur'ani, tana karanta ajami, da shi take gane naira 500 da 1000 tunda har yanzu yana jikinsu duk da an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Wayewarta ba ta da matsala, kayan ne ba a auna da ita ba. Kuma lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da aka tura kowa taransifa ƙarfi da yaji, irinta ne suka fi kowa shan wuya, su aka fi damfara da alat na bogi.

Kar wani ya ce mun ba a iya ba ne. Ɗauki manhajar caca ta ƙwallo ko ta bashin gaggawa ka gani, dannawa biyu uku ka yi rajista, ba ta nauyi, tana buɗewa ko da netwok ɗin sanda ɗaya ne, yaron da bai gama sakandare ba yana sarrafa ta ba wanda ya koya mishi. An zauna an kalli yaranmu sosai kafin a yi ta, an san inda yatsansu ke zuwa, amma irin kallon Taylor ne, an sauƙaƙa ƙofar da kuɗi ke fita daga aljihunka. Haka tsarin da za a saka ka cikin wani sabis da dannawa ɗaya ana cire maka naira hamsin kullum, fita kuwa sai ka yi ta neman lambar da za ka tura. Inda kamfani zai ci riba an iya, inda haƙƙinka ne za ka karɓa sai a manta da kai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka kalle mu da kyau suka ci kasuwa da halal. Nokia 1100 da ta fito a 2003 da tocila a ka da madannai masu hana ƙura shiga, ko Tecno da 'yan China suka zo suka ga kowa na yawo da layi biyu saboda netwok, ga rashin wuta, ga kyamarori ba sa fito da baƙar fata da kyau, suka yi waya mai sim biyu da batir mai daɗewa da kyamarar da ke fito da fuskarmu. Zuwa suka yi suka duba, shi ke nan sirrin.

Na san akwai masu cewa ina yabon da ne kawai, kuma suna da hujja ta wani gefen. Masu sana'ar hannu ba waliyyai ba ne, kowa ya san telan da zai karɓi ɗinkin sallah ya kashe waya, da mai waldan da zai shafa fenti ya rufe aikin banza, da tukunyar da aka narka da kowane irin tarkacen ƙarfe ba a damu da lafiyar mai ci ba. Kuma maƙeri ƙauye ɗaya yake yi wa aiki, manhajar banki kuwa mutum miliyan goma, ba yadda za a yi a auna kowa ɗaya bayan ɗaya. Duk na yarda. Amma telan da ya ɓata maka yadi ka san shagonsa, za ka je ka tsaya a kansa, maƙwabtansa za su ji, in ya yi sau uku unguwa ta gudu ta bar shi, wannan tsoron kunyar shi ke gyara sana'a. Wanda ya yi shafin da ya hana dubban yara rajista fa, wa ya san sunansa, wa zai je ya tsaya a kansa? An biya shi kuɗin kwangila tun kafin mutum na farko ya danna. Maganar yawa kuma, ba a ce a auna kowa ba. Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin manyan wannan fannin, ya daɗe yana nuna cewa in ka zaunar da mutum 5 kacal ka kalle su suna amfani da abu za ka gano mafi yawan matsalolinsa, ka gyara ka sake kiran wasu biyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, a tambaye shi mana. Kuɗin shayi da na mota ne kawai, bai kai kuɗin allon tallan da ake kafawa ranar ƙaddamarwa ba.

Mu a Kaduna ma ba mu da uzuri ko kaɗan, don makarantar tana tsakiyar gari. Tsohuwar kasuwar masu ƙere-ƙere ta Panteka tana nan kusa da Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ga sabuwar a bakin bayafas, dubban mutane na ƙera murhun gawayi da injin markaɗe da kurar ruwa da ƙofofi da tukwanen biki. Ka tsaya wajen mai yin murhu ka ji yadda yake da mai tuyar ƙosai, Hajiya kaskonki wane girma ne, a zaune kike suya ko a tsaye, a bakin titi ne inda iska ke kaɗawa, sai ya ƙara mata tsayin ƙafa ko ya rage, ya sa mata marfi a ƙofar toka, ya ce in ya cika cin gawayi ki dawo da shi. Kadpoly ta riga ta fara haɗa kai da mutanen Panteka ana ba su takardar shaidar ƙwarewa, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa NBTE mai kula da wannan ma hedikwatarta na nan garin, ABU Zariya kuma tana da sashen koyar da zanen kayan masana'antu tun tuni. Sai dai kullum tunanin shi ne boko zai je ya koya wa masu sana'a. Ina so a juya ta ɗaya gefen ma. Duk yaron da ke koyon tsara manhaja a cibiyoyin garin nan, kafin a ba shi satifiket a tura shi ya yi ko wata ɗaya ne a gaban wani oga a Panteka ko tela a kasuwa, ba don ya iya walda ba, don ya ga yadda ake tambaya da yadda ake karɓar ƙorafi ba a ɗaure fuska ba. Sannan ya yi wani satin a teburin POS a Kawo ko Rigasa ko Sabon Tasha da littafi a hannu, bakinsa a rufe, yana rubuta duk inda mutum ya tsaya ya rasa abun dannawa.

Gwamnatin jiha kuma tana da abun yi wanda ba ya bukatar biliyoyi. Birtaniya bayan ta buɗe shafin gwamnatinta na GOV.UK a 2012 ta sa ƙa'ida cewa manyan ayyukan gwamnati na intanet sai an nuna an gwada su da mutanen da za su yi amfani da su kafin a sake su. Mu ma a saka a cikin takardar kwangila: ba za a biya kason ƙarshe ba sai an kawo shaidar cewa an zaunar da mutane na gaske sun cike fom ɗin da kansu a ƙaramar waya da datar naira ɗari, a cikinsu akwai tsohon ɗan fansho, da matar aure da ba ta yi boko ba, da makaho mai amfani da manhajar karanta allo, da manomi daga Kachia ko Birnin Gwari inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa. A sa Hausa a ciki, Hausar da mutane ke ji ba wadda inji ya fassara ba, a sa murya tunda kowa ya ga yadda mutanenmu suka rungumi saƙon murya a WhatsApp, akwatin suna ya karɓi ƙ da ɗ da ɓ, in netwok ya yanke abun da ka cike ya tsaya yana jiranka. Kuma a ƙasan kowane shafi a rubuta ofishin da ke da alhakinsa da lambar wayar da in an kira mutum ne zai ɗauka, a kuma wallafa duk wata uku ƙorafi nawa aka samu da nawa aka gyara.